Yara tara ba iyaye a unguwarmu: me doka ta ce, kuma ta ina za mu fara?

Abu Haruna, Gadarif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan tambaya daga kwamitin unguwa take, muna neman wanda ya san aikin ya ba mu haske.

Lokacin da garuruwan Sinja da Dindir suka faɗi hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnatin Sudan a tsakiyar 2024 jama'a sun kwararo Gadarif har makarantu da gidaje suka cika. Yanzu akasarinsu sun koma, amma akwai yara tara da suka rage a gidaje shida na unguwar nan, ba uwa ba uba. Babbar cikinsu yarinya ce mai kimanin shekara 14. Ƙaraminsu bai wuce uku ba, ko sunan mahaifinsa bai sani ba. Babu mai takardar haihuwa, babu mai lambar ƙasa a hannu.

Abubuwan da suka taso mana a lokaci guda su ne: makaranta ta ce a kawo takarda kafin a rubuta su. Wani mutum ya zo ya ce shi kawun biyu daga cikinsu ne, yana so ya tafi da su. Wasu dattawa sun ce a kai mazan khalwa, wato makarantar allo ta kwana, a huta, wani mai gona kuma ya ce a ba shi biyu su taya shi yankan riɗi zai ciyar da su. An kuma fara zancen aurar da babbar, wai don a rufa mata asiri. Gidajen da ke riƙe da su talakawa ne, sun gaji, ba mugunta ce ta sa suke wannan magana ba. Me ya kamata mu yi, da wane tsari?

Malama Rabi, Kasala

Wa alaikumus salam Abu Haruna, Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da kawun, don maganarsa ce ba ta jira. Kada ku ba shi yaran yanzu, kada kuma ku kore shi. Yana iya zama kawunsu na gaskiya, yana iya zama mai neman 'yan aiki kyauta, kuma fuska ba ta nuna ko wanne ne.

Masu aikin haɗa iyali suna tambayar babba daban, yaro daban, kafin su ga juna. A tambayi mutumin sunan yanka na kowane yaro da sunan da ake kiransa a gida, sunan uwa da na kaka ta wajen uwa, na nawa ne a jerin haihuwa, wace unguwa suke, wa ke maƙwabtaka da su, ko akwai tabo ko shaida a jiki, a ina aka rabu kuma da waɗanne kaya a jikinsu. A rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta. Sannan macen da yaran suka saba da ita ta zauna da su ta jawo waɗannan abubuwa cikin hira, ba da sigar tuhuma ba. Sai a gwama amsoshin. Idan sun dace, a sa hotonsa a cikin hotunan wasu maza uku ko huɗu a ga ko yaran za su tsamo shi. Tambayar da aka fi mantawa ita ce ta ƙarshe: yaron yana son binsa? Wanda ya ga mutum ya ruga ya ɓuya bayan matar gida ya riga ya ba ku amsa, ko da jini ɗaya suke.

In komai ya tabbata, miƙawar ba a zaure za a yi ta ba. A yi ta a gaban jami'in Majalisar Kula da Yara ta jiha ko 'yan sandan sashen kare iyali da yara. A rubuta takarda mai ɗauke da lambar ƙasarsa, inda yake zaune, lambar wayarsa da ta shehun unguwarsa ko umdan garinsa (wato mai gari), shaidu biyu su sa hannu. A kira shehun nan a gabansa. Bayan wata guda a sake kira a nemi a ji muryar yaran.

Sauran bakwai ɗin kuwa, abin da ya kamata a yi tun ranar da suka iso shi ne rubuta su, to a yi shi a wannan mako. Kowane yaro shafinsa a littafin kwamiti: hoto, duk sunan da ya iya tunawa, ranar da aka same shi, wurin, wanda ya kawo shi, motar da ta sauke su da garin da ta taso. Ƙananan yara suna saurin mantuwa. Wanda ya iso yana shekara huɗu, bayan shekara biyu sunan unguwarsu ya gushe masa, wani ma Hausar tana fita daga bakinsa idan gidan riƙo Larabci ake yi. Shi ya sa ba a tambayarsa "ina ne garinku", sai a ce ran wace rana ake cin kasuwarku, kogi na kusa da ku ko rijiya kuke ɗiba, wa ke kai ka makarantar allo, me babanka ke sayarwa. Kayan da ƙaramin ya zo da su a jikinsa, zane ne ko laya ko ɗan takalmi, a adana kada a yar. Sau da yawa da su uwa ke gane ɗanta.

Da wannan littafin za ku je ofishin Hilal Ahmar, wato ƙungiyar agaji ta Red Crescent, na Gadarif ku ce kuna son buɗe neman iyali. Suna yin aikin tare da ƙungiyar Red Cross ta duniya (ICRC), kyauta ne, kuma suna iya bincikawa har sansanonin Chadi, Sudan ta Kudu da Habasha, da kuma cikin Masar. Ku kuma aika sunayen ta hannun sarakunanmu zuwa Maiurno, Sinja da Damazin. Ku tuna wasu iyalan Hausawa sau biyu aka tarwatsa su, na farko a rikicin Blue Nile na Yuli da Oktoba 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi, na biyu a wannan yaƙi, don haka yaron da ya ce daga Sinja yake yana iya zama asalinsa Ganis ne a yankin Rusairis, danginsa kuma suna Rabak.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba hoton yaro da cikakken bayaninsa a Facebook da WhatsApp. Duk abin da kuka wallafa kun ba maƙaryaci amsar jarrabawa. In za a sanar, a sa sunan farko da kimanin shekaru da garin da ya fito, a ɓoye sauran. Kada a raba wa da ƙane ko ya da ƙanwa don sauƙin ciyarwa. Kada a canza wa yaro suna. Kada a kai shi wani gari, domin mai nema inda aka rabu yake fara zuwa.

Wasu za su ce a kai su gidan marayu. Ku tuna gidan marayu na Maigoma a Khartum: a makonnin farko na yaƙin 2023 yara fiye da 50 suka rasu a can saboda masu reno sun kasa isa wurin aiki, ba wuta, ba isasshen abinci. A watan Yuni aka kwashe kusan 300 zuwa Madani, a Disamba da Madani ta faɗi aka sake kwashe su zuwa nan Kasala. Gidan talaka da ake tallafa wa da buhun dawa da sabulu ya fi wa yaro tsaro a kan ɗaki mai gado hamsin da mai reno biyu. Kuɗin da kwamiti ke da shi a zuba a gidajen nan shida.

Maulana Isa, Sinnar

Malama ta gama magana a kan kawu, ba ni da ƙari. Ni zan ɗauki takardu da doka.

A rubuce Sudan ba ta baya. Ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, ta kafa Majalisar Kula da Yara ta ƙasa a 1991, an buɗe sashen 'yan sanda na kare iyali da yara a Khartum a 2007 kafin a yaɗa shi jihohi. Dokar Yara ta 2010 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, yana da haƙƙin suna, ƙasa da rajistar haihuwa, ba a ɗora masa laifi kafin shekara 12, kuma yana da mai gabatar da ƙara da kotu nasa na daban. Amma tun kafin yaƙi binciken gidaje na MICS da aka yi da tallafin UNICEF a 2014 ya nuna kashi 67 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke da rajista. Ɗaya cikin uku ba ya cikin littafin hukuma, kuma namu na ƙauyukan bakin kogi suna da yawa a cikinsu.

Ku raba yaran kashi uku, don hanyar kowanne daban ce.

Akwai wanda aka taɓa yi wa rajista, takardar ce kawai ta ƙone ko ta ɓace. Wannan shi ne mai sauƙi. Ofishin rajistar jama'a, Sijil Madani, yana ƙarƙashin 'yan sanda, kuma bayanan mai lambar ƙasa suna cikin kwamfuta. Lambar mai alƙaluma 11 ce. Ko ba a san ta ba ana nemowa da sunan mutum huɗu a jere, nasa da na uba da kaka da kakan uba, haɗe da sunan uwa. Yarinyar nan mai shekara 14 tana iya faɗin wannan jerin, kuma idan ubanta yana da lamba to ƙofa ta buɗe mata da duk ƙannenta. Matsalar da ake samu ita ce rubutun sunayen Hausa da Larabci: Ɗanjuma, Tanko, Talatu, ko Abubakar da aka rubuta Abbakar. A gwada duk yadda mai rubutu zai iya rubuta sunan kafin a ce babu.

Kashi na biyu, an san iyaye amma ba a taɓa rajista ba. Dokar rajista ta 2011 ta ce a kai rahoton haihuwa cikin kwana 15, wanda ya wuce sai ya bi hanyar makararru. Ana neman takardar ungozoma ko ta asibiti, takardar auren iyaye da ake kira gasima, da lambar ƙasa ta uba. Inda waɗannan suka ɓace ana zuwa kotu a yi ishhad shar'i, wato shaidu biyu masu lambar ƙasa su rantse cewa wane ɗan wane ne, an haife shi a wuri kaza. Katin rigakafi da sakamakon makaranta suna ƙarfafa magana, kada a raina su. Idan ba a san ranar haihuwa ba sai kwamitin likitoci ya ƙiyasta shekaru, shi ya sa kuke ganin mutane da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu. A nan nake so ku buɗe ido. Ƙiyasi da kallon jiki da haƙora ake yi, yana iya kaucewa da shekara biyu ko uku. Yarinya 'yar 14 mai girman jiki idan aka rubuta mata 18, duk kariyar Dokar Yara ta fita daga kanta a rana ɗaya. Yaro ɗan 15 da aka mayar 18 ya zama wanda za a iya ɗauka soja, a kuma yi masa shari'a a kotun manya. Babba mai hankali ya shiga da su, ya faɗi ajin da suke lokacin da yaƙi ya tashi a Afrilu 2023, a lissafa daga nan.

Kashi na uku shi ne ƙaramin nan da ba a san iyayensa ba. A kai rahoto sashen kare iyali da yara, su sanar da mai gabatar da ƙara, ma'aikatar walwalar jama'a ta jiha ta ba gidan takardar riƙo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 ta ce yaron da aka tsinta ba a san iyayensa ba ɗan Sudan ne ta haihuwa har sai an tabbatar da akasin haka. Abin da nake roƙonku: kada mai riƙo ya rubuta shi da sunansa don tausayi. Wannan ƙaryar takarda ce da doka ke hukuntawa, tana rufe hanyar iyayensa idan sun zo nema, tana kuma haifar da rigimar gado bayan shekara ashirin. Riƙo halal ne, mayar da ɗan wani naka a suna ba ya halatta.

Sai abin da kowane Bahaushe a ƙasar nan ya sani. A wurin ba da lamba, wanda aka ji sunansa ko kabilarsa akan ce ya kawo ƙarin shaida. Tushen abin tsoho ne: dokar 1957 ta nemi a nuna kakanni suna Sudan tun ƙarshen 1897, alhali Maiurno ma a wajen 1906 aka kafa ta, bayan yaƙin Burmi na 1903. Dokar 1994 ta sauko da sharaɗin zuwa 1 ga Janairu 1956. Wanda kakansa na wajen uba ke zaune a nan a ranar ɗan ƙasa ne ta haihuwa, ba alfarma aka yi masa ba. A aikace abin da ke warware magana shi ne ɗan'uwa ta wajen uba mai lamba, baffa ko ɗan baffa, da wasiƙar sarki ko umda mai hatimi. Idan dangin uba sun ɓace, tun gyaran 2005 ɗan 'yar Sudan yana iya nema ta wajen uwa, sai dai hanyar ta fi tsawo. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya fito muku da lamba ta bayan gida, ku guje shi. Lambar da aka jingina wa wani uba na ƙarya tana fashewa ran da yaron ya je neman fasfo.

Makaranta kuma, ilimin matakin farko haƙƙi ne na kyauta a Dokar Yara, rashin takarda ba hujjar barin yaro a gida ba ne. Ku karɓi wasiƙa daga Majalisar Kula da Yara ta jiha cewa ana kan fitar da takardunsu, ku kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, shi zai umarci shugaban makaranta. A Oktoba 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, don haka ba naku kaɗai ne suka yi asarar shekaru ba. Wanda ya girmi ajinsa a nema masa ajin cike giɓi maimakon a zaunar da ɗan 12 da 'yan shekara bakwai, don kunya ce ke fara korar irinsu.

Sista Maryama, Gadarif

Abu Haruna, kafin zirga-zirgar ofis a kai su duka tara cibiyar lafiya. Ƙananan da ba su kai shekara biyar ba a auna damtsen hannunsu na hagu da tef ɗin nan mai launi. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya. A danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan rami ya zauna to kumburin yunwa ne ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba, a kwantar da shi. Madarar gyaɗar da ake ba masu tamowa magani ce ta yaro ɗaya. A gidan riƙo mai 'ya'ya da yawa akan raba ta, sai a yi wata biyu awo bai motsa ba. Wanda ba shi da kati a sake masa rigakafi daga farko, musamman ƙyanda. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ciki ya kumbura ta hagu, yaro yana ramewa, maganin cizon sauro bai yi ba, a jiharmu wannan kala-azar ake fara zato. Gwajin jini ne na ɗan lokaci, allurar kwana 17.

Sai maganar da ba a son yi. A Maris 2025 UNICEF ta ce an rubuta fyaɗe 221 a kan yara tun farkon 2024, har da 'yan shekara ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma maza ne. Waɗanda aka kai rahoto ke nan kawai. Kada kowa ya tsare yarinyar nan da tambaya, kada kuma a kai ta wurin ungozoma "a duba ta". Ba a gane komai da wannan dubawa sai ƙarin rauni. Mace ɗaya amintacciya ta sanar da ita cewa duk ran da take son magana akwai mai ji.

Idan abu sabo ya faru da kowane yaro, lokaci ne magani. Maganin hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har awa 120, amma gara da wuri. Akwai kuma allurar ciwon hanta da ta tetanus. Ba sai an fara zuwa wurin 'yan sanda karɓo Urnik 8, wato fom ɗin da likita ke cikewa kan rauni, kafin a yi magani ba, an ɗage wannan sharaɗi tun 2004, takardar don shari'a ce kuma ana iya cike ta daga baya. Kada a wanke kayan jikin yaron, a sa su a jakar takarda, ba leda ba, don leda tana riƙe danshi shaida ta lalace.

Fitsarin kwance, firgita da dare, ɓoye abinci a ƙarƙashin tabarma, yin shiru na kwanaki: duk alamun abin da suka gani ne, duka yana ƙara su. Sannan ku gaya wa gidajen riƙo ƙarara cewa ba a yi wa yaran mata kaciya. Gidajen Hausawa da yawa ba su gaji kaciyar fir'auna ba, amma idan yarinya ta faɗa hannun masu yi sai su haɗa ta da nasu lokacin hutu. Tun Yuli 2020 sashe na 141 na dokar laifuka ya sa ɗaurin da ya kai shekara uku a kai.

Alaramma Sani, Maiurno

Ina tare da ku a kusan komai, amma kada a ɗauki khalwa kamar wurin zubar da yara, kuma kada a yi mata kuɗin goro. A yaƙin nan khalwowi da yawa sun ciyar da mutanen da hukuma ba ta san da su ba. Duk da haka abin da binciken BBC Larabci ya nuna a 2020, yara da mari a ƙafa da bayan da bulala ta farfasa, gaskiya ne, kuma wanda ba shi da uban da zai zo dubiya shi ya fi shan wannan.

Shawarata ita ce yaran nan su yi karatun allo a unguwa, safe ko bayan la'asar, su kwana a gida. Idan dole sai ta kwana, to a cikin gari, kuma ɗan kwamiti ya je ba sanarwa. Ya duba idon sawun almajirai ko akwai zoben tabo. Ya ga inda suke kwana, ko an raba manya da ƙanana, domin yawancin ɓarna daga manyan almajirai take zuwa da dare. Ya tambayi daga ina abinci ke fitowa. Idan amsar ita ce yara suna fita kasuwa da kwano, a dawo da su. Shehun da ya ƙi a shiga a gani, an gama magana da shi.

Batun aure, dattawan su koma Risala. Uba ne kaɗai ke da ikon aurar da budurwa ba da izninta ba. Wanda ba uba ba, ba ya aurar da ita sai ta balaga kuma ta yarda da bakinta ko da shirun da ba na tsoro ba. Mai riƙo na shekara ɗaya da rabi da bai san ko ubanta na raye ba, da wane walicci zai ɗaura? Wadda ba ta da waliyyi, alƙali ne waliyyinta. Abin da Maulana ya faɗa a kan suna kuma yana cikin Suratul Ahzab aya ta 5, a kira su da sunan ubanninsu. Ƙari ɗaya: idan wata ta shayar da ƙaramin kafin ya cika shekara biyu, a rubuta sunanta a shafinsa, saboda aure a gaba.

Maulana Isa, Sinnar

Allah ya gafarta Malam, hujjarka ta fi tawa ƙarfi a wannan wuri, domin dokar ƙasa a nan take da rami. Dokar Yara ta 2010 ba ta sa shekarun aure ba. Dokar iyali ta Musulmi ta 1991, sashe na 40, ta bar ƙofar aurar da mai shekara goma idan alƙali ya ba da izni, gyare-gyaren 2020 kuma ba su taɓa wannan ba. Shi ya sa binciken 2014 ya samu kashi 34 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18, kashi 12 kafin 15. Saboda haka kada kwamiti ya ce wa dattawa "doka ta hana", za a ƙaryata ku. Ku ce babu waliyyi, ana kan neman ubanta, kuma duk ma'azunin, wato jami'in ɗaurin aure, da ya rubuta gasima a haka za a kai maganarsa kotu. Ku kuma sanar da Majalisar Kula da Yara a rubuce tun yanzu. Auren da ake ɗaurawa da fatiha kawai ba takarda shi ne mafi muni: in ya sake ta ba ta da hujjar ciyarwa, ɗan da ta haifa kuma ya shiga layin marasa rajista.

Mai gona kuma a ba shi haƙuri. Doka ta hana sa wanda bai kai 14 ba aiki, ta togace kiwo da noman da ba shi da haɗari, kuma da wannan togaciya ake fakewa. Yankan riɗi a manyan gonaki ba ya cikinta. Riɗi idan ya nuna kwanaki kaɗan ne kafin kwanson ya fashe ya zube, shi ya sa ake yanka dare da rana, ana kwana a sansanin ma'aikata cikin manyan maza, nesa da gari da asibiti. Ko wanda ya haura 14 doka ta ce kada ya wuce awa bakwai a rana, ba aikin dare. "Zan ciyar da su" ba lada ba ne. Daga irin waɗannan wurare da tashoshin mota ne kuma masu ɗaukar yara yaƙi ke samunsu. Dokar Yara da dokar soja ta 2007 duk sun hana ɗaukar wanda bai kai 18 ba, ko wane ɓangare ne, kuma a 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sojojin gwamnati da dakarun RSF duka a jerin masu keta haƙƙin yara. Yaron da ya dawo daga hannun masu bindiga doka tana kallonsa a matsayin wanda aka zalunta, a kai shi sashen kare iyali da yara, ba caji ofis na manya ba.

Abu Haruna, Gadarif

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Mun tambayi mutumin kamar yadda Malama ta ce. Sunan uwa da na kaka sun dace, babban cikin yaran biyu ya tsamo hotonsa, amma ƙaramin cikinsu bai gane shi ba. Ba shi da wata takarda sai katinsa, ya ce uban ya rasu, uwar kuma yana jin tana Damazin. Yana so ya tafi ranar Alhamis saboda kuɗin masauki.

Malama Rabi, Kasala

Rashin ganewar ƙaramin ba abin mamaki ba ne bayan wannan tsawon lokaci, alamun suna da kyau. Amma tunda akwai zancen uwa na raye, ita ce gaba da kawu. Gobe da safe ku kai shi Hilal Ahmar ya ba da sunanta huɗu da unguwar da yake zato, su tuntuɓi ofishinsu na Damazin, ku kuma ku kira sarkin Hausawan can. Kwamiti ya sauke shi a gidan ɗaya daga cikinku don kuɗin masauki ya daina kora shi, ya riƙa zuwa yana cin abincin rana da yaran a gaban matar gida. Ku tambayi babban yaron shi kaɗai yadda kawun yake da babansu a da, da ko ya taɓa kwana a gidansa. In Alhamis ta yi ba a ji daga Damazin ba, ya tafi ya bar lambarsa da ta umdansa, yaran su zauna. Idan an samu uwar, a haɗa ta da babban a waya, ita za ta faɗi wanda za a ba su, jami'in Majalisar ya rubuta abin da ta ce a takardar miƙawa.